Dare Mahutar Bawa, Ban Da Umma

Duk wanda ya yi ko zango ɗaya a Kadpoly ya san yadda muke alfahari da rashin barci. Da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa sai ka ji ana cika baki a bakin aji. Wannan ya ce kwanansa uku bai runtsa ba, wancan ya ce shi da goro da Nescafe suka ga fitowar rana. Mu 'yan shekarar ƙarshe kuwa abin ya zame mana kamar lambar girma, ga furojet, ga malamin da ke jiran babi na uku. Amma kowa ya san wannan rashin barcin na ganin dama ne. Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe mutum zai koma gida ya baje, sai an yi da gaske kafin a tashe shi.

Akwai wani rashin barcin da ba shi da ranar gamawa, mai shi kuma ba ta alfahari da shi, ɓoyewa ma take yi. Yana cikin gidajenmu, a ɗakin matar da take biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta. A kansa nake so in yi magana, domin na fi shekara uku ina kwana ɗaki ɗaya da mai fama da shi.

Ummana shekarunta 55. A Kakuri muke zaune, tsallaken kogi, kuma waina take soyawa a ƙofar gida tun ban san kaina ba. Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ya san tarihin unguwannin nan. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. Babanmu ma tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Tun daga wannan lokaci tanda da kasko da tiren talla ne suke riƙe da gidaje masu yawa a wajenmu. Da kuɗin waina aka yi wa yayyena aure, da shi aka biya mini rajistar ND.

Sana'ar waina sana'ar agogo ce. Da yamma a jiƙa shinkafa, a kai niƙa, a haɗa ƙullu a bar shi ya kwana ya tashi. Ƙarfe huɗu da rabi Umma ta miƙe, bayan asuba ta hura wuta, kafin bakwai masu tafiya aiki da 'yan makaranta sun yi layi. Abin da ya riƙe ta duk shekarun nan shi ne barci ba ya yi mata gardama. Har tsokanarta muke yi, don tana cikin lazimi bayan isha'i sai ka ga carbi ya sulale daga hannunta. Ko lokacin da al'adarta ta ɗauke, wajen 2018, ta sha fama da wani zafi da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, amma takan farka ta sha ruwa ta juya ta ci gaba da barcinta.

Sai korona ta zo. Kun dai tuna yadda aka yi. A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Legas. Ranar 26 ga Maris aka sa dokar kulle ta awa 24 a Jihar Kaduna, bayan kwana biyu gwamna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufai, ya sanar cewa shi kansa ya kamu. Sai a watan Yuni aka sassauta dokar. Ni a lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar WAEC ɗinmu ma sai a Agusta muka fara ta. A layinmu kuwa an riga an yanke hukunci: cutar manya ce, ta masu hawa jirgi, wasu ma suka ce babu ita sam, hanyar cin kuɗi ce kawai.

Umma ta tsallake wannan zagayen lafiya. A Janairun 2021, tsakiyar hunturu, lokacin da cutar ta sake yunƙurowa a ƙasar nan, ita ma ta kwanta. Zazzaɓi, busasshen tari, ciwon gaɓoɓi, numfashi sama-sama in ta ɗan yi tafiya. Aka yi abin da aka saba, aka sha maganin maleriya, aka ɗora da na taifod. Abin da ya bambanta wannan ciwon da sauran shi ne ranar da ta buɗe robar daddawa ta kai hanci, ta ce wai an sayar mata da marar kyau, ba ta ƙamshi. Mu kuwa warin ya cika tsakar gida. Miya ta daina yi mata ɗanɗano. Ba a yi gwaji ba, kuma ba ita kaɗai ta guje shi ba. Mai sayar da abinci ta san cewa in aka ga masu fararen kaya sun tsaya a ƙofar gidanta, ta yi sallama da masu ciniki ke nan, ga tsoron a ɗauke ta a killace.

Bayan mako uku ta miƙe. Tari ya tafi, ƙamshi ya dawo a hankali cikin watanni. Barci ne ya tafi bai dawo ba.

Ga yadda darenta ya koma. Ta kwanta ƙarfe tara a gajiye liƙis, ta yi ta juyi har sha biyu ko ɗaya. In barcin ya ɗan sace ta, kafin uku ta farka sharkaf da gumi, gabanta yana faɗuwa, daga nan kuma shi ke nan. Tana jin jiniyar motoci a kan titin Kachia, tana jin janaretan maƙwabta ya mutu, tana jin zakaran farko. Ni da nake kwana a katifar ƙasa nakan farka in gan ta zaune a bakin gado, tana fifita da murfin kwali.

"Umma, har yanzu ba ki kwanta ba?"

"Yi barcinki, Auta, gobe kina da makaranta. Idona ne ya ƙeƙashe."

Da rana ake biyan bashin dare. Matar da ta shekara ashirin tana juya waina ba ta taɓa ƙonewa ba, yanzu bayan hannunta duk tabon mai ne. Lissafin canji ya fara ruɗa ta, ta ba mai ɗari biyar canjin dubu. Ta zama mai saurin fushi, jikokin da take goyawa da wasa suka fara raɓe-raɓe in sun shigo. Sau biyu ƙullu ya lalace don ta manta ko ta sa yis ko ba ta sa ba, asarar tiya guda ta shinkafa ke nan kowane karo. Wanda bai san gidan da ake ci daga tanda ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. A wajenmu kuɗin motata ne na mako, daga Kakuri zuwa Tudun Wada.

Masu bayani kuwa ba a rasa su ba. Baba ya ce girma ne, tsoho ba ya barci, haka uwarsa ma ta yi. Goggo ta ce tunani ne, ta rage sa abu a rai. Wata ta zo dubiya ta rage murya ta ce a bincika, ciniki ya yi yawa a ƙofar gidan nan, ba kowa ke murna ba. Aka kawo hayaƙi da rubutu. Wani kuma da kyakkyawar niyya ya ce ai falala ce, Allah ya ba ta damar raya dare. Amsar da Umma ta ba shi ban manta ta ba. Ta ce, "Malam, mai tashi nafila barci ya bari ya tashi. Ni ba ni da abin da zan bari."

Kuma ku lura da gaisuwarmu. Kullum safiya muna tambayar juna labarin barci: ina kwana, an tashi lafiya, ya gajiya. Amma tambaya ce da amsarta take a rubuce tun kaka da kakanni. Umma ta kwana a zaune, mutum talatin su tsaya sayen waina su ce mata ina kwana, ta ce wa talatin ɗin lafiya lau.

Daga nan sai kemis. Wani mai shagon magani ya fara ba ta ƙwayar mura mai sa barci. Ta yi aiki kwana biyu ta daina. Ya canza mata da diazepam, ba takardar likita, ba tambayar ko tana da wani ciwo. Da farko rabi take sha, sai ɗaya, sai ya zama in ba ta sha biyu ba ko gezau. Barcin da take samu da ita ma ba mai wartsakarwa ba ne, takan tashi kanta ya yi nauyi kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Wata asuba ta fito za ta ɗauko robar ƙullu jiri ya kwashe ta, ta faɗi dab da murhu. Allah ya tsare ba a riga an hura wuta ba. Ta samu targaɗe a hannu, mako biyu ba a soya waina ba.

A cikin makonnin jinyar nan ne na gane ba ita kaɗai ba ce. 'Yan adashinsu suka zo gaishe ta, ina gefe ina zuba musu kunu. Wata maƙwabciyarmu, 'yar Zumuntar Mata ce a cocinsu, tana sayar da kayan miya a kasuwar Kakuri, ta ce, "Maman Auta, ai ina ganin hasken tocilanki ta taga ƙarfe biyu. Kin san yadda aka yi nake gani? Ni ma idona biyu." Aka yi dariya, sai kuma baki ya buɗe. Cikin mata bakwai da ke zaune a ɗakin, huɗu suka ce haka suke. Dukansu sun haura hamsin. Uku daga cikinsu suka ce tun "zazzaɓin nan mai ɗauke ƙamshi" abin ya tsananta. Ba wadda ta ambaci korona da sunanta, ba kuma wadda ta ambaci ɗaukewar al'ada. Suka yi ta musayar sunayen ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe.

A nan matsalar take, a ganina. Ciwon yana tsaye ne a kan abubuwa biyu, kuma duka biyun ba a faɗarsu a unguwarmu. Ɗaukewar al'ada kunya ta hana a ambace ta. Uwa ba za ta yi maganar da ɗiyarta ba, balle ɗanta namiji, wata ma ko mijinta ba za ta gaya wa ba don gudun a ce ta tsufa, a fara maganar ƙarin aure. Korona kuwa an riga an ce babu ita, to yaya za a ce abin da babu shi ya bar tabo? Sai mace ta kasance tana da ciwo ba ta da sunan da za ta kira shi da shi. Ciwon da ba shi da suna kuma ba a kai shi asibiti, kemis ake kai shi.

Alhali yana da suna, kuma an san yadda yake aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana tabbatar da hakan in an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. A wannan lokaci sinadarai biyu da ƙwan mace ke samarwa, estrojin da furojestaron, suna raguwa sosai. Estrojin yana da hannu a yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita zafin jiki, in ya yi ƙasa sai ɗan canji kaɗan ya sa jiki ya ɗauka ya yi zafi, ya saki gumi, zuciya ta ƙara gudu. Wannan shi ne zafin da ke tada mace tsakar dare. Furojestaron kuma yana da tasirin kwantar da jiki. Bayan haka, matsalar ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda ake gane ta da minshari mai ƙarfi da shaƙewa, tana ƙaruwa ga mata bayan wannan shekarun. Ke nan barcin mace mai shekara hamsin ya riga ya zama kamar katangar da damina ta jiƙa, tana tsaye amma ba ta son turi.

Korona ita ce turin. A watan Janairun 2021, watan da Umma take kwance, mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a birnin Wuhan na ƙasar Sin a kan mutum 1,733 da aka sallama daga asibiti. Bayan wata shida, kashi 63 cikin ɗari suna fama da kasala ko raunin jiki, kashi 26 suna da matsalar barci, kashi 23 kuma suna da fargaba ko ƙuncin zuciya. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar abin da ake kira doguwar korona: alamomin da ake gani yawanci wata uku bayan kamuwa, suka daɗe aƙalla wata biyu, kuma ba a sami wani ciwo da zai bayyana su ba. Matsalar barci tana cikin jerin alamomin, kuma abin ya fi kama mata fiye da maza.

Wani zai ce ai korona ba ta yi yawa a Nijeriya ba. Gaskiya ne adadin da hukumar NCDC ta tabbatar bai kai dubu 270 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Amma wannan lissafin waɗanda aka gwada ne. Umma ba ta cikinsa, matan adashinsu ba sa cikinsa. A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. An cire takunkumi, an kwashe bokitan wanke hannu daga ƙofar azuzuwanmu. Abin da ta bari a jikin mutane ba ya bin sanarwa.

Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi. In mutum yana kasa yin barci, ko yana farkawa ya kasa komawa, aƙalla dare uku a mako, har tsawon wata uku, kuma abin yana taɓa harkokinsa da rana, to ya zama ciwo mai zaman kansa da ke buƙatar magani. Ba halin tsufa ba ne kawai. Babban mutum yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma daɗewa ana rasa shi yana da alaƙa da hawan jini da ciwon suga. Ita kuwa diazepam da danginta jiki yana sabawa da su da wuri, suna kawo jiri da faɗuwa musamman ga manya, kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai a hankali bisa kulawar likita.

Kai Umma asibiti sai da aka yi jan aiki. Da Yaya ya ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, nan kusa da mu, sai ta ɗaure fuska ta ce, "Wato haukacewa na yi?" Haka mutanenmu suka ɗauki wurin, alhali rashin barci da fargaba da sabo da ƙwaya suna cikin ayyukan da ake yi a irin waɗannan asibitoci kullum. Ga kuma lissafi: ranar asibiti rana ce da ba a soya waina ba, ga kuɗin kati da gwaji, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. A ƙarshe matar Yaya ta karɓi tanda na kwana ɗaya, muka tafi wani babban asibiti na gwamnati ranar da ba ni da lacca.

Na tafi da wani abu a jaka. Mako biyu kafin nan na ɗauki ragowar littafin da na yi amfani da shi lokacin IT, na ja layuka: ƙarfe nawa ta kwanta, ƙarfe nawa barci ya zo, sau nawa ta farka, me ta ci ko ta sha da yamma, ƙwaya nawa. Da safe nakan tambaye ta in rubuta, tana cewa wai na mai da ita furojet. Da aka haɗa lissafi, yawancin dararen ba ta cika awa huɗu ba.

Likitar da muka samu mace ce. Ta duba littafin shafi-shafi, sannan ta ɗago ta ce, "Mama, yaushe rabonki da al'ada?" Umma ta kalle ni ta ce, "Auta, ɗan ba mu wuri." Na fita na zauna a benci kusan rabin awa. Da aka kira ni na tarar idonta ya yi ja, amma fuskarta a sake. A hanya ta ce mini tun da abin ya fara ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar.

An auna jininta aka samu ya hau. An yi gwajin suga da na ƙarancin jini da na maƙoƙo, domin duk suna iya hana barci, kuma ba a ɗora wa korona laifi sai an kawar da su. Likitar ta ce labarin ciwon 2021 ya yi kama da korona ƙwarai, ya zo ya tarar da jikin da ɗaukewar al'ada ta riga ta taɓa, daga baya tsoron daren kansa da ƙwayar suka riƙe abin ya ƙi tafiya. Ta tsara mata yadda za ta rage diazepam kaɗan-kaɗan cikin makonni, ta ba ta maganin hawan jini. Ta kuma ce akwai maganin maye gurbin sinadaran nan ga matan da zafin dare ya addaba, amma ba kowace ya dace da ita ba, sai an duba tarihin lafiyarta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne babban maganin ba na haɗiya ba ne. Sauya ɗabi'un barci da tunanin da ke tattare da shi ne, wanda ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawara tun 2016 cewa da shi ya kamata a fara kafin ƙwaya. An ce ta daina kwanciya ƙarfe tara tana farautar barci, ta jira sai ta ji shi sosai, ko da sha ɗaya ne. In ta kwanta kamar minti ashirin bai zo ba, ta tashi ta koma falo ta yi wani abu mai sanyi cikin hasken da bai da ƙarfi, lazimi ko tsintar shinkafa, sai ya zo ta koma gado. A kawar da agogo da waya daga kusa da ita. Barcin rana kada ya wuce rabin awa, kuma kafin la'asar. Goro da shayi su tsaya daga azahar, domin sinadarin kafin da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Umma kuwa goro take ci da yamma don ta iya haɗa ƙullu ba ta gyangyaɗa ba.

An kuma ce ɗaki ya kasance da sanyi, da duhu, ba hayaniya. Nan muka kalli juna muka yi dariya. A gidan haya a Kakuri, a watan Afrilu, an ɗauke wuta, ga sauro, ga janareta a bayan taga. Amma mun yi abin da za mu iya. Yaya ya sayo fanka mai caji. Aka ɗaura gidan sauro don a bar taga a buɗe. Ta koma kwana da zanen atamfa marar nauyi. Baba da kansa ya je ya roƙi maƙwabcinmu, ya yarda yana kashe inji ƙarfe sha ɗaya, shi ma ya rage muryar rediyonsa. Ni na karɓi haɗa ƙullu a ranakun da ba ni da gwaji.

Ba a rana ɗaya aka ga canji ba. Makonnin farko na rage ƙwayar sun fi na da wuya, har ta ce a bar ta ta koma. Sai a wata na uku littafin ya fara nuna awa biyar, wani daren shida. Har yanzu akwai daren da nakan farka in ji motsinta a falo, musamman lokacin zafi. Amma ta rabu da ƙwayar gaba ɗaya, jininta ya daidaita, tabon hannunta sun daina ƙaruwa. Ta kuma ja maƙwabciyar nan tamu ta raka ta asibiti da ƙafarta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

To, me ya shafe mu a nan makaranta? Ku ƙirga shekarunmu. Wanda yake tsakanin 20 da 25, akwai yiwuwar mahaifiyarsa tana tsakanin 45 da 60, daidai shekarun da nake magana a kai. A Sabon Tasha, a Narayi, a Television, a Nasarawa, a Tudun Wada, su ne masu burabusko da ƙosai da gwanjo da ɗinki, su ne malaman firamare da masu shara a ofisoshi. Mu ne muke da waya da data, mu ne muke iya karanta takardar da ke cikin kwalin magani. Kuma uwa takan buɗe wa ƙaramin ɗanta abin da ba za ta buɗe wa ɗan fari ba.

Ba sai ka yi mata maganar da za ta ji kunya ba, musamman ku maza. Bayan gaisuwa, ka ƙara tambaya ɗaya wadda ba ta da amsar haddace: "Mama, ƙarfe nawa kika yi barci jiya?" Ka duba abin da ke cikin gwangwanin magungunanta, ka karanta sunayensu. In ka ga ƙwayar barci, kada ka kwashe ka zubar, hakan yana da haɗari, ka tambayi tun yaushe take sha, wa ya rubuta mata. Ka rubuta mata lissafin mako biyu. Ka nemo wanda zai tsare mata sana'a na yini ɗaya, domin sau da yawa wannan ne yake hana ta tafiya, sannan ka raka ta. In likita ya zo tambayoyin mata, ka ba su wuri.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma ina da roƙo. Duk shekara muna yin makon ɗalibai, ana gasar ƙwallo da ta girki da ranar al'adu. Ranar 18 ga Oktoba ita ce ranar da duniya ta keɓe don wayar da kai a kan ɗaukewar al'ada. Me zai hana a gayyato likita da nas, a yi zama ɗaya a reshenmu na Barnawa, da Hausa, a ce kowa ya zo da mahaifiyarsa ko gwaggonsa, a auna musu jini kyauta, a ba su dama su yi tambaya mata zalla? Kuɗin da zai ci bai kai na hayar lasifikar dare ɗaya ba.

Mu 'yan mata kuma mu sani nan da shekara talatin layin zai zo kanmu. Abin da muka koya a bakin gadon iyayenmu yau, shi za mu tarar. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa darensu ya koma mahuta.